Sa Hannun Dala 290,500 Da Kaset Ɗin Da Ya Ƙare A Gonar Dawa

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2013, wani kamfanin gwanjo mai suna Heritage Auctions da ke birnin Dallas a ƙasar Amurka ya sayar da faifan waƙa ƙwaya ɗaya tal a kan dala 290,500. Ba da zinare aka ƙera faifan ba, kuma waƙoƙin da ke cikinsa duk mai waya zai iya nemo su ya saurara. Abin da ya ja waɗannan maƙudan kuɗi shi ne sa hannun mutum huɗu da ke jikin kwalin faifan, wato 'yan ƙungiyar makaɗan nan ta ƙasar Ingila da ake kira The Beatles.

Mu uku ne muka ci karo da labarin a waya, wani dare a ɗakin kwananmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, biyu 'yan Tambuwal, ɗaya ɗan Kebbe. Da farko dariya muka yi ta yi, muna cewa sai wanda kuɗi suka yi wa yawa zai sayi zanen biro da abin da zai gina makaranta sukutum. Can sai ɗayanmu ya jefo tambayar da ta kashe dariyar: to a cikinmu wa ya taɓa ganin sa hannun Shata ko na Ɗanƙwairo? Wa ya san inda kotson Narambaɗa yake? Kowa ya yi tsit. Da wannan tambaya muka taho gida da aka yi hutu, kuma abin da muka gano ne muke son mu ba ƙannenmu 'yan sakandare labari.

Me ya sa zanen biro ya yi tsada haka?

The Beatles samari huɗu ne 'yan birnin Liverpool, garin da masu kallon ƙwallo suka sani sarai: John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr. Kiɗan rok suke yi, irin wanda ake haɗa gita mai amfani da lantarki da ganguna. A shekarun 1960 sun yi tashen da ya game duniya, har ihun 'yan kallo yakan danne sautin kiɗan nasu.

Faifan da aka sayar, mai suna Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band, ya fito ne a 1967. Wannan shekarar tana da muhimmanci. Tun a watan Agusta na 1966 ƙungiyar ta daina yawon wasa gari-gari, saboda haka ya zama da wuya masoyi ya riski su huɗun a wuri guda, balle ya miƙa musu faifai su sa hannu. A 1970 suka rabu. An harbe Lennon a birnin New York ranar 8 ga Disamba, 1980, Harrison kuma ya rasu a watan Nuwamba na 2001. Ke nan waɗanda aka riga aka sa wa hannu su ke nan har abada, sai dai su ragu. Masu so suna da yawa, kayan kaɗan ne, dole farashi ya yi sama. Ko a kasuwar Tambuwal haka albasa take yi idan ta yi ƙaranci.

Ƙungiyar tana da ɗan tarihi da ƙasarmu. A 1973, bayan rabuwarsu, McCartney ya zo Legas ya ɗauki yawancin waƙoƙin faifansa mai suna Band on the Run a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin EMI da ke Apapa. A wannan zuwan ne ɓarayi suka tare shi da dare suka ƙwace masa jaka mai ɗauke da kaset-kaset na gwajin waƙoƙin.

Inda akwai kuɗi kuwa, akwai 'yan damfara. Tun suna tashe, wasiƙun masoya sun fi ƙarfinsu, har ya zama wasu ma'aikatansu, irin su Neil Aspinall da Mal Evans, sukan kwaikwayi sa hannunsu a kan hotuna a raba wa jama'a. Mutane da dama sun adana irin waɗannan hotuna shekara da shekaru kafin su gane ba na ainihi ba ne. A 2008 Ringo Starr ya fito ya sanar cewa daga ranar 20 ga Oktoba ya daina sa hannu a kan abin da masoya ke aiko masa. Shi ya sa a wannan kasuwa mai saye ba ya tsayawa ga kyawun rubutu. Sai ya tambaya: wa ya karɓi sa hannun, a wane gari, a wace rana, kuma ta hannun wa da wa ya biyo kafin ya iso nan? Takardar da ba ta da wannan tarihi, darajarta faɗuwa take yi warwas.

Adakar Kebbe

Mun fara namu binciken a Kebbe, gidan kakan ɗayanmu. Tsohon yana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, wadda jikoki suka taso suna jin labarinta. An ce a cikinta akwai kaset ɗin da ya ɗauka da rikodarsa a shekarun 1980, ranar wata gayyar noma da aka yi a gonarsa. Makaɗin da ya yi wasa ran nan ɗan yankin ne, mai gangar noma. Bai taɓa shiga gidan rediyo ba, ba shi da faifai, kuma ya daɗe da rasuwa. A cikin kiɗan ya ambaci manoman unguwar ɗaya bayan ɗaya, da kirarin kowa, da sunan gonarsa. Yawancinsu yau ba sa raye.

Bayan mun gaisa, muka faɗi abin da ya kawo mu. Baba tsoho ya sa aka jawo adakar. Akwai tsofaffin rasitan haraji, da hotuna biyu da gara ta ci gefensu, da kaset goma sha ɗaya. Muka gano wanda muke nema, domin a jikin takardarsa tsohon ya rubuta sunan makaɗin da ajami, da kalmar gayya. Muka ɗaga shi a haske. Ƙwarya ce kawai, babu zare ko taƙi ɗaya a ciki.

Tsohon bai yi mamaki ba. Ya ce wata shekara da tsuntsayen jan-baki suka addabi dawa, yaran gidan sun zare kaset-kaset suka ɗaɗɗaure zaren a kan karare, saboda ƙyallinsa da ƙarar da yake yi idan iska ta kaɗa suna korar tsuntsu. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan dabara. Muna cikin jimami sai muka lura abokin namu ya sunkuyar da kai. Ashe yana cikin yaran. Yana aji huɗu na firamare a lokacin, kuma ya tuna har gasa suka yi ta wanda zai fi saurin zaro nasa.

Babu wanda ya yi masa faɗa. Kakan ya gwada rera mana abin da ya tuna, ya kawo sunaye shida ko bakwai, daga nan ya tsaya yana lalube. Muka ɗauki muryarsa da waya. Iyakar abin da ya rage na wannan makaɗi a gidan ke nan: ƙwaryar kaset mai rubutun ajami, da ɗan abin da ya maƙale a kan tsoho mai shekara tamanin da wani abu. Da-na-sani ƙeya ce, in ji masu iya magana.

Da murya mawaƙanmu suke sa hannu

A hanyar komowa muka fahimci cewa tambayar da muka yi a makaranta tana da gyara. Manyan makaɗanmu na da ba a san su da raba sa hannu a takarda ba, kuma masoyansu ba su saba neman hakan ba. Mai son makaɗi riga yake ba shi, ko doki, ko kuɗi, shi kuma ya saka masa da ambaton suna. A cikin waƙar ne makaɗi yake buga tambarinsa: ya kira sunan kansa, ya yi wa kansa kirari, ya ambaci garinsu da ubangidansa da 'yan amshinsa. Wanda ya saurari Bakandamiyar Narambaɗa ko ta Shata ya san haka.

Ƙasarmu ta tsohuwar Jihar Sakkwato kuwa gidan makaɗa ce. Ibrahim Narambaɗa makaɗin kotso ne na fadar Sarkin Gobir na Isa, ya rasu a farkon shekarun 1960. Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Akwai Musa Ɗanƙwairo Maradun da ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, da Ɗan Anace wanda ya yi fice a waƙoƙin dambe da noma, da Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Waɗannan sun yi sa'a, domin gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna da Rima Rediyo sun yaɗa waƙoƙinsu, masana kuma sun yi rubutu a kansu. Littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau mai suna Makaɗa da Mawaƙan Hausa yana cikin waɗanda ɗalibin Hausa ya kamata ya nema.

Sai dai a bayan kowane shahararre akwai makaɗan ƙauye barkatai da rediyo bai san da su ba: masu gangar noma, masu kalangun mahauta, masu kiɗan maƙera, mata masu kiɗan ƙwarya da waƙoƙin daɓe da na niƙa. Idan muryarsu ta tsira, to a kaset ɗin wani mai rikoda ta tsira. Irin wannan kaset bai da na biyu a duniya. Ko faifan da aka saya dala 290,500 yana da 'yan'uwa miliyoyi masu ɗauke da waƙoƙi iri ɗaya. Na adakar Kebbe shi kaɗai ne.

Yadda aka yi mana wayo a Tambuwal

A Tambuwal aka kwatanta mana wani dattijo mai gyaran rediyo. Shagonsa ɗan ƙarami ne, amma a bayan teburinsa akwai kwalaye cike da kaset, wasu tun zamanin da yake sana'ar kwafar waƙa kafin memori ya kashe kasuwar. Ya sa mana wani kaset na Ɗanƙwairo da aka ɗauka a wajen taro. Ana jin guɗar mata, ana jin maroƙi yana sanar da kyautar da aka yi, har da kukan jariri. Ɗayanmu ya ce ai akwai waƙar a wayarsa. Dattijon ya sa ya kunna, muka kwatanta. Amshin ɗaya ne, amma sunayen mutanen da aka ambata sun sha bamban. A nan muka koyi cewa makaɗin baka ba ya maimaita waƙa daidai wa daida. Kowane zama da irin nasa zubin, don haka kowane kaset na taro shaida ce ta wannan rana kaɗai.

Kafin la'asar labari ya bazu cewa wasu 'yan jami'a na neman kayan tsofaffin mawaƙa. Wani matashi ya same mu a bakin titi da hoton Mamman Shata cikin firam, an yi wani rubutu da shuɗin biro a ƙasansa. Ya rantse sa hannun marigayin ne, wai kawunsa direba ne ya karɓo a Funtuwa. Zuciyarmu ta buga. Muka tattara kuɗin motarmu da na kati, naira dubu biyar, muka ba shi kafin alƙalami, da alkawarin cikawa washegari. Ya bar mana hoton ya tafi.

Da murnarmu muka koma shagon dattijo. Bai ko dubi rubutun ba. Ya ɓalle bayan firam ɗin, ya juya hoton, ya nuna mana tambarin shagon da ya wanke shi. A jikin tambarin akwai lambar wayar salula mai farawa da 0803. Ya tambaye mu shekarar da Shata ya rasu. Muka ce ranar 18 ga Yuni, 1999. Ya sake tambayar shekarar da layukan GSM suka fara aiki a Nijeriya. Muka ce 2001. Bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da gyaran rediyonsa. Takardar da aka wanke bayan 2001, ta yaya wanda ya rasu a 1999 zai sa mata hannu? Matashin bai dawo karɓar cikon kuɗinsa ba, mu ma ba mu sake ganinsa ba. Ran nan sai da muka ranci kuɗin mota.

Hoton yana nan mun ajiye. Duk lokacin da muka dube shi mukan tuna cewa tambayoyi uku kacal za su iya cetar dubu biyar ɗinmu: wa ya karɓa, yaushe, kuma mene ne shaida?

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu

Kada wani ya ɗauka bin diddigin rubutun hannu al'adar Turawa ce kawai. Tambuwal gari ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, malami kuma marubucin waƙoƙi. A zamaninsu da hannu ake kwafar littafi, kuma sau da yawa mai kwafa yakan rufe aikinsa da rubuta sunansa da na wanda ya mallaki littafin, wani lokaci har da ranar da ya gama. Wasiƙun sarakuna kuma hatimi ake buga musu don a san daga inda suka fito. Da irin waɗannan alamomi masana suke tantance tsofaffin takardun da ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da ke Kaduna. A Islamiyya ma an koya mana cewa kafin a karɓi magana sai an san wa ya ji daga wa. Ma'aunin da masu gwanjon Dallas suke amfani da shi, kakanninmu sun daɗe da saninsa. Mu ne dai muka yi sakaci da shi a kan kayan makaɗanmu.

Abin da ɗalibi zai iya yi tun daga wannan hutu

Ba a bukatar dala ko ɗaya. Ga abin da muka koya, wani daga dattijon Tambuwal, wani daga kuskurenmu.

Fara da gida, kuma da izini. Tambayi Baba ko Inna ko Kaka kafin ka taɓa adakar kowa. Ke ma ɗaliba, kwallar kakarki da ƙasan gadonta na iya ɓoye hotunan biki da kaset ɗin da babu mai irinsu. Kada kowa ya kama hanyar ƙauyen da bai sani ba da sunan bincike, kun san halin da hanyoyinmu suke ciki.

Sami littafin rubutu guda ka mayar da shi rajista. Kowane abu ka ba shi lamba, ka rubuta sunan makaɗin, da garin da aka ɗauka, da shekara ko wani abin da ya faru a shekarar, da sunan mai kayan, da yadda ya same shi. Wannan rajista ita ce rabin darajar abin da ka tara.

Kada ka yi gaggawar cusa tsohon kaset a rikoda. Duba ko ya yi fumfuna. Zura biro a ramin ka juya a hankali ka ga ko zaren yana tafiya. Idan ya cije, kai wa mai gyara. Rikoda mai datti tana iya tauna zaren cikin daƙiƙa kaɗan. A ajiye kaset nesa da rana da laima, kuma kada a ɗora shi a kan lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinta yana lalata sautin.

Idan ya yi, ɗauki sautin da waya a ɗaki marar hayaniya, tun daga farko har ƙarshe, ba tare da yanke surutun jama'a ba. Ajiye kwafi a wuri biyu, domin waya tana ɓata, memori yana mutuwa. Sannan ka mayar wa mai kaset kayansa, tare da kwafi idan yana so.

Tsohon hoto ko takarda mai rubutun hannu ba a manna musu salatif, ba a kai su a liƙe da roba mai zafi, ba a kuma yin rubutu da biro a bayansu. Ambulan mai tsabta ya wadatar.

Makaɗan da ke raye a garinku, ku je ku gaishe su da ladabi tare da wani babba. Wanda ya iya rubutu, boko ko ajami, ku roƙe shi ya rubuta sunansa da garin da kwanan wata. Wanda bai iya ba, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da wanda ya koya masa kiɗa, ku ɗauka da waya da yardarsa. Haka za ku yi idan Allah ya haɗa ku da taurarin zamani irin su Aminu Ala ko Nura M. Inuwa: bayan hoton da kowa ke rububin ɗauka, ku miƙa littafi, wani kuma ya ɗauki hoton lokacin da ake sa hannun. Shaida ke nan.

Kada ku sayi komai da kuɗin makaranta, kuma kada ku yarda da rantsuwar mai talla. Idan kun ci karo da abin da ya fi ƙarfinku, kamar tsohon littafin hannu ko faifan garmaho, ku sanar da malamin Hausa ko na Tarihi. Shi zai san yadda za a tuntuɓi Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya na jami'a ko hukumar tarihi.

Mu dai rajistarmu ta kai lamba goma sha huɗu. Lamba ta ɗaya ita ce ƙwaryar kaset ɗin Kebbe, wadda kakan abokinmu ya ba mu kyauta. Lamba ta biyu muryarsa ce yana lalubo sunayen abokan nomansa. Kafin mu koma makaranta ya aiko a gaya mana cewa ya tuno ƙarin sunaye uku, kuma akwai wani tsoho a Kuchi da ya taɓa yi wa makaɗin amshi. Idan Allah ya kai mu hutu mai zuwa, da shi za mu fara. Ku kuma, wanda ya buɗe adakar gidansu ya sami wani abu, ya rubuto wa wannan shafi ya ba mu labari.